Jirgin Da Tsoho Ya Ce Ya Yi Kama Da Tsohuwar Langa

 Waɗanda suka saba ganin sunana a bangon littattafan soyayya za su yi mamakin abin da na zo da shi yau, domin babu Hajiya a ciki, babu kishiya, babu saurayi mai Marsandi. Maganar wani jirgin yaƙi ce na ƙasar Japan, wanda na shafe wata huɗu ina harhaɗawa a kan teburin da nake rubutu, tsawonsa duka bai wuce taƙi ɗaya ba. Kuma maganar wani bashi ce da kakana ya bi ni, har ya koma ga Mahaliccinsa ban biya ba.

Kakan nawa na wajen uwa ɗan mazan jiya ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa Burma, ƙasar da tsofaffinmu ke kira Boma, yanzu kuma ake ce mata Myanmar. Mu jikoki Tsoho muke ce masa. Ba mutum ne mai yawan ba da labarin yaƙi ba, sai dai jefi-jefi, in an ci sa'a goronsa ya yi daɗi. A 2002 na fitar da wani littafi wanda uban yarinyar ciki tsohon soja ne, na ba shi shafi biyu yana ba da labarin Boma. A nan ne na rubuta cewa jiragen Zero na Japan sun taso musu suna ƙyalli kamar madubi. Ina na samo wannan? A gidan kallo, cikin wani fim ɗin Amurka na harin Pearl Harbor, inda jiragen suke sumul kamar yau aka ciro su daga leda.

Tsoho ba ya karatun boko, ƙanwata ce ta karanta masa. Ranar Juma'a da na je gaishe shi, ko zama ban gama yi ba ya ce, "Kai ɗan nema, wa ya gaya maka jirgin Japan yana ƙyalli?"

Na ce, "A fim na gani, Tsoho."

Ya ce, "To ni a sama na gan shi, ina kwance cikin rami. Kore ne, amma duk ya ɓaɓɓare, kamar tsohuwar langar da kakarka ke zuba wa kaji ruwa. Jan tambarin nan ne kaɗai da sauransa."

Na kwashe da dariya, irin ta jika da kaka. Na ce ai tsoro ne ya sa idonsa ya gane masa haka, ina mutumin da ya cusa kai cikin rami ya ga fenti? Kuma ƙasa kamar Japan, mai yin Toyota da rediyo, ita ce za ta tura jirgi yaƙi kamar motar haya ta kauye? Bai ce min komai ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki goronsa. A 2005 Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa, littafin kuwa aka sake buga shi har sau biyu da madubin nan a ciki.

Sai bayan shekaru masu yawa, ina neman wani abu daban a intanet, na ci karo da hoton wani jirgin Japan a filin jirgin Burma. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Langa ce sak. Fentin ya zube daga gefen mazaunin matuƙi har gindin fiffike, farin ƙarfe ya fito ɓaro-ɓaro, ga jan tambarin nan zagayayye yana nan daram. Kuma da na karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, sai na tarar kuskurena biyu ne. Jirgin ma ba Zero ba ne.

Bari in yi wa mai karatu bayani. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ba ta da rundunar sojan sama mai zaman kanta. Sojan ruwa suna da jiragensu, sojan ƙasa suna da nasu, kuma zaman da ke tsakaninsu zaman kishiyoyi ne, irin wanda na fi kowa sanin yadda ake rubuta shi: kowa da tukunyarsa, kowa da makullin ɗakinsa. Zero na sojan ruwa ne, kamfanin Mitsubishi ya ƙera shi. Burma kuwa fagen sojan ƙasa ne, jirgin faɗansu shi ne Ki-43 na kamfanin Nakajima, wanda suka raɗa wa suna Hayabusa, wato wani irin shaho mai tsananin gudu. Amurkawa da Ingilishi suka sa masa laƙabin Oscar. Daga nesa jiragen biyu sun yi kama ƙwarai, don injinsu ma ɗan gida ɗaya ne, Nakajima ke yin duka biyun, mai silinda 14 da aka jera a zagaye. Saboda haka har Turawan da suka yi yaƙin, da yawansu duk jirgin faɗan Japan da suka gani sai su ce Zero, haka kuma suka rubuta a littattafansu. Ban ce Zero bai taɓa leƙa wannan yanki ba, domin ranar 5 ga Disamba 1943 sun raka jiragen bam zuwa harin Kalkata ta Indiya. Amma jirgin da ya yi ta shawagi a kan dazuzzukan Burma shekara da shekaru, Hayabusa ne. An ƙera kimanin 5,900, Zero kaɗai ya fi shi yawa cikin jiragen faɗan Japan.

Daga nan abin ya shiga raina. Na ga ashe akwai mutane a duniya, manya da gemunsu, waɗanda aikinsu na nishaɗi shi ne harhaɗa ƙananan jirage na roba su yi musu fenti har su koma kamar na gaske. Mu da muka tashi muna yin motar kara da ta langa-langa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, bambancin kawai su ba su daina ba da suka girma. Cibiyar wannan sana'a ma a Japan take, a lardin Shizuoka, inda kamfanonin Tamiya da Hasegawa suke. Tamiya da harkar katako ya fara a 1946 kafin ya koma roba. Wani abokina ɗan Kantin Kwari mai zuwa Sin saro kaya na roƙa, ya taho min da kwali ɗaya na Hasegawa, samfurin Ki-43 na biyu, tare da 'yan kwalaben fenti. Da ya miƙo min sai da ya tambaye ni ko na yaro ne. Na ce e, don in huta.

Ma'aunin kwalin shi ne 1 bisa 48, wato kowane santimita ɗaya a teburina santimita 48 ne a jirgin gaske. Faɗin fukafukan na gaske mita 10.84 ne, nawa ya tashi santimita 22 da ɗoriya. Da ka buɗe za ka ga sassa a manne jikin wasu sanduna na roba, sai ka yanko kowanne da reza, ka goge bakin da samfefa mai laushi, ka ɗiga gam da tsinken sakace. Hantsaki kuwa wurin masu gyaran waya na samo, don akwai abin da yatsa ba ya iya riƙewa. Daga mazaunin matuƙi ake farawa, kujera da sandar tuƙi da allon agogai, domin in ka haɗe ɓarin jiki biyu ba ka sake samun shiga.

A nan ne na fara karanta tarihi da yatsuna. Da na haɗe gangar jikin, sai na ga siririya ce ƙwarai, daga bayan matuƙi zuwa jela kamar ƙugun zanzaro. Wurin bindiga kuwa rami biyu ne kacal a saman hancin, babu ko ɗaya a fukafukai. Na ɗauka wani abu ne ya ɓace a kwalin, na zazzage shi, babu. Haka jirgin yake. Mashinga biyu, mafi girmansu mai bakin milimita 12.7, a lokacin da jiragen Ingila ke ɗauke da takwas, ko igwa biyu da mashinga huɗu. Dalili shi ne hafsoshin sojan Japan sun yi imani da cewa wanda ya fi iya juyi a sama shi ke cin faɗa. Da jirgin ya fara tashi a Janairun 1939, matuƙan gwaji suka ƙi shi, suka ce bai kai wanda suke da shi, Ki-27, saurin juyawa ba. Sai aka yi ta rage masa nauyi, aka kuma ƙara masa wasu 'yan faifai a ƙarƙashin fiffike masu zamowa baya kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, waɗanda in matuƙi ya sake su jirgin zai juya a ɗan ƙaramin fili. Sannan aka karɓe shi a 1941. Samfurin farko ba shi da sulken da zai kare bayan matuƙi, tankin mansa ba shi da kariyar kirki, har akwai waɗanda fukafukansu suka karye da suka yi nutso da ƙarfi. Samfuri na biyu, irin nawa, an ƙara masa inji mai ƙarfin doki 1,150 da farfela mai ganye uku da ɗan sulke, amma duk da haka in babu mai da harsashi nauyinsa bai kai tan 2 ba. Ni a ganina, wanda ya zauna a ofis ya yanke cewa juyi ya fi ran matuƙi daraja, ya san ba shi zai hau ba.

Wani abin mamaki, cikin injiniyoyin da suka zana shi akwai Hideo Itokawa, wanda bayan yaƙi ya zama uban harkar roka a Japan. Kumbon da Japan ta harba a 2003, ya je ya taɓo wani dutsen sararin samaniya ya dawo da ƙurarsa a 2010, sunansa Hayabusa, dutsen kuma sunansa Itokawa.

Kuskuren farko da na tafka a murfin gilashi ne. Na manna shi da gam mai kamawa nan take, irin na gyaran takalmi, washegari na tarar ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Ashe tururin wannan gam yana ɓata roba mai haske. Kwana uku ina gogewa da man goge baki kafin ya dawo. Na biyu kuwa ba laifina ba ne, na hunturu ne. Na fesa fentin azurfa da 'yar na'urar feshi irin ta masu kwalliyar kek, na bar shi a tsakar gida ya sha iska, kafin la'asar ƙura ta yi masa lulluɓi. Tun daga ranar a ƙarƙashin babbar roba nake kifa shi, kamar tuwon da ake gudun kaji.

Tambarin da ke cikin kwalin na runduna ta 64 ne, wata kibiya ce a karkace a jikin jela. Ita ce rundunar Hayabusa da ta fi suna, kuma tana ɗaya daga cikin biyu kacal da ke da jirgin lokacin da Japan ta buɗe yaƙi a Disambar 1941. Ta yi yawancin yaƙinta a Burma, ta daɗe a filin Mingaladon kusa da Rangun. Kwamandanta Tateo Kato ya mutu ranar 22 ga Mayu 1942, lokacin da ya bi wani jirgin bam na Ingila samfurin Blenheim a kan Tekun Bengal, mai bindigar bayan jirgin ya same shi, ya kama da wuta ya faɗa ruwa. Gwamnatin Japan ta mai da shi gwarzon ƙasa, a 1944 aka yi fim a kansa. Wanda ya shirya dabarun yaƙin sama na fim ɗin da ƙananan jirage irin nawa shi ne Eiji Tsuburaya, mutumin da bayan shekara goma ya yi dabarun fim ɗin dodon nan Godzilla. Wato ko su can, da 'yan jiragen wasa aka nuna wa talakawa yaƙi.

Yanzu sai maganar langa, wadda ita ce ta sa na sayi kwalin tun farko.

Masu wannan sana'a suna cewa harhaɗawa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne tsofar da jirgin, a sa masa alamun rana da ruwa da hayaƙi da takalman makanikai. Kuma ba a yin sa da ka, sai an san dalilin kowane tabo. Dalilin na Hayabusa shi ne: da yawansu, musamman samfuri na biyu, daga masana'anta tsirara suke fitowa, farin alminiyom, sai tambarin jar rana da baƙin fenti a gaban gilashi don kada haske ya kashe wa matuƙi ido, da ratsin rawaya a bakin fukafukai wanda aka fara sawa a ƙarshen 1942 don su riƙa gane junansu. Sai sun isa fagen yaƙi ake shafa musu kore don su saje da daji. Wani da feshi, wani da burushi, wani dabbare-dabbare kamar jikin zabo, ya danganta da abin da ke hannu da kuma saurin da ake yi. Kuma kai tsaye a kan ƙarfe ake shafawa, babu fentin shimfiɗa irin wanda kowane mai fentin mota a Kano ya san sai an fara sa shi kafin launi ya kama. To ka haɗa wannan da ranar Burma da damunarta mai wata biyar, da iskar farfela mai watsa yashi. Koren sai ya riƙa tashi falle-falle. Jan tambarin kuwa, da yake a masana'anta aka yi shi a tsanake, ya fi jurewa. Jiragen Zero na farko-farko suna da fentin shimfiɗa, shi ya sa ba su cika yin wannan ɓaɓɓarewa ba.

Kun ga ke nan abu biyun da Tsoho ya faɗa, koren da ya zube da jan da ya rage, duka biyun suna da dalili a masana'anta. Mutumin da bai taɓa jin kalmar Nakajima ba ya ba ni bayanin da ya fi na fim ɗin miliyoyin daloli daidai.

Dabarar da na bi ta gishiri ce. Bayan azurfar ta bushe sarai, sai ka ɗan jiƙa wuraren da kake son fenti ya tashi, ka barbaɗa gishiri, ka bari ya bushe ya kama. Sannan ka fesa kore a kan komai. In ya sha iska sai ka kankare gishirin da tsohon burushin haƙori, duk inda ƙwayar gishiri ta zauna azurfa za ta leƙo. Karon farko ruwa ya yi min yawa, gishirin ya narke ya bar wani farin tabo kamar gumi a hular da ta kwana biyu, dole na wanke fiffiken na sake. Uwargida tana kallona ina ɗibar mata gishiri a cokali ina shiga ɗaki, ba ta ce komai ba sai a kwana na uku, ta tambaye ni ko wani malami ne ya ba ni.

Inda aikin yake da daɗi shi ne zaɓen wurin. Ba ko'ina fenti ke tashi daidai ba. Gindin fiffike, inda matuƙi da makanikai ke takawa su hau, nan ya fi cin wuya. Sai gefen mazauni inda hannu da gwiwa ke gogawa, sai bakin faifan da ake buɗewa kullum don zuba harsashi ko duba inji, sai gefen murfin inji. Ƙananan tabo na yi su da guntun soson katifa, in ɗan taɓa fentin azurfa in goge a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan in dangwala. Na yi ta yi ina jin daɗi har na bi jela da bayan fukafukai duk na ɓaɓɓare su. Sai da na koma kan hotuna na lura a kowane hoto waɗannan wurare ba su da farin ƙarfe ko ɗaya. Ashe sassan da ke motsi, na jela da na bayan fiffike, ba ƙarfe ba ne a samansu, yadi ne aka ɗaura a kan firam aka shafe. Yadi kuwa yana koɗewa amma ba ya nuna azurfa. Na sake rufe su da kore mai ɗan haske. Wannan kuskure ɗan uwan na madubi ne, na yi abin da ya yi min kyau a ido maimakon abin da ke nan.

Hayaƙin salansa da kwalli na yi shi, na haɗa da garin alli mai ruwan ƙasa, na ja shi da busasshen burushi daga bakin salansa zuwa baya, yadda iska za ta kwantar da shi. Tayoyi da ƙarƙashin ciki na shafa musu jar ƙasa da na daka ta yi laushi. Wayar rediyo, daga sandar da ke gaban gilashi zuwa jela, silin gashin doki ne daga kitson 'yata.

To ina Tsoho ya ga wannan jirgi har ya ƙare masa kallo? Abin da ya sha faɗa shi ne da dare aka ɗauke su a jirgi, su da alfadarai, aka sauke su a tsakiyar daji bayan Japanawa, kusa da layin dogo. Wannan ya yi daidai da abin da tarihi ya rubuta. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan yaƙi, fiye da rabinsu 'yan Najeriya, kuma Hausa ce harshen bariki. Runduna biyu ce, ta 81 da ta 82. Tambarin ta 81 gizo ne, baƙi a kan rawaya, shi dai Gizon tatsuniya mai wayo, wanda mutanen Gana ke kira Ananse. Na ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo, don girmama 'yan dako, waɗanda suka ɗauki kayan yaƙi a ka cikin duwatsun da mota ba ta shiga. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, kuma duk abincinta da harsashinta daga sama ake jefo mata. Amma an cire mata birged ɗaya, ta 3, mai bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ba Janar Orde Wingate, shugaban mayaƙan da ake kira Chindit, masu shiga bayan abokan gaba su yanke musu hanya.

Daren 5 ga Maris 1944 aka fara jigilar Chindit da jirage marasa inji waɗanda ake ja da igiya, cikin mako guda an sauke mutum wajen 9,000 da alfadarai fiye da dubu. Alfadaran ma sai da aka yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka su tona asiri. Suka kafa sansanoni a daji. Ɗaya, a kan layin dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina, kusa da garin Mawlu, suka sa masa suna White City saboda fararen lemomin jefo kaya da suka maƙale a bishiyoyi. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga Maris, kafin yawancin 'yan Najeriya su sauka. A watan Afrilu Japanawa suka yi ta afka wa White City dare bayan dare, da rana kuma jiragensu su zo, har aka bar wurin a watan Mayu. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, a wannan sansani ya kafa littafinsa Burma Boy na 2007, wanda tauraronsa yaro ne Bahaushe. Abin kunya ne a gare mu marubutan Hausa a ce har yau da Turanci aka fi ba da wannan labari.

A wannan watanni Hayabusa yana da sauran ƙarfi. A tsakiyar Maris sun far wa wani sansanin Chindit mai suna Broadway, suka lalata yawancin 'yan jiragen Spitfire da aka ajiye a can. Amma ƙarfin na ƙarshe ne. Ingila da Amurka sun riga sun kawo jiragen da suka fi shi gudu da wuta, matuƙansu kuma sun koyi kada su tsaya yin juyi da shi, su faɗo daga sama su yi harbi su wuce. Jirgin da aka harbo ba a samun madadinsa da wuri, gogaggen matuƙin da ya mutu ba a samun kamarsa. Wanda ba shi da isassun jirage da kayan gyara ba ya ajiye jirgi don a sake masa fenti. Saboda haka langar da Tsoho ya gani alama ce ta rundunar da ta fara ƙarewa, ko da yake wanda ke kwance a rami, ƙasa na zubo masa a ƙeya, ba zai ji haka a jikinsa ba. Kuma jirgin da ya sauko yin harbi a kan sansani ƙasa-ƙasa yake zuwa, daidai kan bishiyoyi, ya karkata ya nuna maka bayansa gaba ɗaya in zai juya. Tambayar da na yi masa cikin dariya, ina ya ga fenti, amsarta ke nan.

Sunayen wuraren nan suna tare da mu, ba mu dai tambaya ne. Barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan a Legas, Burma Camp a Ankara ta Gana. Har Barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan zuwa 1991, wanda ina yaro na ɗauka wani dodo ne a ciki, sunan wani wuri ne a Burma.

Da na gama, na sa shi a kwalin takalmi na kai wa mahaifiyata. Ta sa tabarau ta ɗaga shi a tafin hannu tana juyawa. Na ba ta labarin langa, da dariyar da na yi. Ta ce ta tuna langar, fara ce mai bakin shuɗi.

Ta ce, "Ashe ɗan mitsitsi ne."

Na ce, "Umma, na gasken ya fi ɗakin nan tsawo."

Ta yi shiru, sannan ta gaya min abin da ban taɓa ji ba. A 1967, tana 'yar shekara tara, aka kawo jiragen yaƙi na Rasha filin jirgin Kano saboda yaƙin basasa. Wata safiya tana riƙe da hannunsa za su kasuwa, ɗaya ya wuce ƙasa-ƙasa a kan unguwarsu. Kafin ta ankara ya fizge ta sun faɗa kwata, ya danne ta da ƙirjinsa, babbar rigarsa fara duk ta ɓaci. Mutane suka taru suna dariya. Ya tashi ya kakkaɓe, ya kama hannunta suka koma gida, ya ce kada ta gaya wa kakarmu. Ba ta gaya wa kowa ba sai ranar.

Ta miƙo min jirgin ta ce in tafi da shi, ba ta son ya kwana a ɗakinta.

Yana nan a kan kabad ɗin littattafaina, na kife shi da kwalbar gilashi saboda ƙura. Littafin nan na 2002 kuwa na sake buga shi a kwamfuta daga farko. A babi na bakwai na goge Zero, na goge madubi, na sa maganar Tsoho yadda ya faɗe ta, har da kajin.